Wai shin me ake nufi da ƙarancin jini ne?

Kwanakin nan duk inda ka juya sai ka ji ƙarin jini, ƙarin jini. A rediyo da safe, a motocin nan masu lasifika da ke zagaye wajen kasuwannin Wunti da Muda Lawal a Bauchi, har a WhatsApp. Tsoho zai ce jikinsa ba ƙarfi, kafin ya rufe baki an ce ai Baba jininka ne ya yi ƙasa, a aiki yaro kemis ya sayo tonik. Kuma fa ba wanda ya auna komai.

Ƙarancin jini abu ne da ake aunawa, ba a gane shi da ido ko da jin kasala kawai. Sinadarin himogulobin ne ke raguwa, wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini yana kai iska ko'ina a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ya gaza 13 ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai ciki, to akwai ƙarancin jini. A asibitocinmu PCV aka fi cewa, wato gwajin yawan jajayen ƙwayoyin da ke cikin jini, ɗan jini kaɗan ake ɗiba a ba ka sakamako a ranar.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake ɗaukarsa kishiyar hawan jini, har a gidan rediyo sai ka ji mai talla yana cewa wai mai hawan jini jini ne ya yi masa yawa. Wallahi ba haka ba ne. Hawan jini ƙarfin da jini ke bugun jijiya ne, shi ne wanda in ya kai 140 bisa 90 ake cewa ya hau, kamar dai ƙarfin ruwa a cikin tiyo, ba ruwansa da yawan himogulobin. Mutum ɗaya zai iya samun duka biyun, musamman mai ciwon ƙoda, don ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini. Amma saboda wannan ruɗanin sai ka ga Hajiya ta ƙi shan maganin ƙarin jinin da likita ya rubuta mata wai kar jininta ya ƙara hawa, Alhaji kuma ya ajiye ƙwayar hawan jininsa wai tana shanye masa jini, sai an wayi gari ɓarin jiki ya shanye.

Sannan dattijo ɗan shekara 65, ba haila ba haihuwa, in da gaske jininsa ya ragu ai tambayar ita ce ina yake tafiya? Sau da yawa ta ciki yake tsiyaya a hankali. Olsa ce, ko Diclofenac da Ibuprofen ɗin da yake haɗiya kullum saboda ciwon gwiwa, ko basir mai jini, ko tsutsar ciki, wani lokacin ma kansar hanji. Babbar alamar zubar jini a ciki ita ce baƙin bayan gida, to shi ma maganin ƙarin jini mai sinadarin ayon, wanda jiki ke ƙera himogulobin da shi, yana mai da bayan gida baƙi, kun ga kenan kwalbar da muka saya masa don tausayi ita za ta rufe alamar, kowa ya ce ai magani ne ke aiki. Akwai kuma ƙarancin bitamin B12 da ke yawan kama tsofaffi da masu suga da suka daɗe kan Metformin, shi har ƙafa yake sa wa ta riƙa mutuwa.

Maltina da madara kuwa suga ne ya fi yawa a ciki, madara ba ta da wani ayon na a zo a gani, ga mai ciwon suga ma cutarwa ce. Su sha-ka-fashe da ake haɗawa da Dexamethasone kumatu kawai za su kumbura, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni.

Ni ba na gaba da maganin ƙarin jini, in an auna an gano dalili yana aiki sosai, sai dai watanni ake yi ana sha. Amma ku leƙa kwanon iyayenmu tukun. Da yawansu haƙora sun zube, sun koma koko da safe, shayi da burodi da dare, an kawo nama sun ture gefe don ba sa iya taunawa, kuma kunya ba za ta bar su su faɗa ba. Shayin ma in an sha shi tare da abinci yana hana jiki ɗaukar ayon. A dafa musu hanta ta yi laushi, a yi alale da ƙwai, a daka dambun nama, kifi, miyar zogale, a bi da lemon zaƙi ko gwaba, shayin a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci. In kasalar ta ƙi tafiya a kai su a auna PCV da suga da ƙoda kafin a sayi kwalba ko ɗaya.