Aikin Bishara a Arewacin Nijeriya Cikin Rarrabuwar Kai: Tambayoyi da Amsoshi

Daga rikicin Kafanchan na 1987 zuwa Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000, Jos a 2001, sannan Boko Haram da 'yan bindiga, garuruwa da dama a Arewa sun rabu unguwa-unguwa bisa addini. A Kaduna kogi ne ya zama iyaka. Ga tambayoyin da fastoci, masu bishara da shugabannin zumuntar mata suka fi yi kan yadda za a ci gaba da shaidar Yesu Almasihu a irin wannan hali.

Mece ce shaida mai aminci? Ba wa'azi ba ne kawai?

Wa'azi yana ciki, amma bai ƙare a nan ba. Mai shaida yana faɗin abin da ya sani game da Yesu ba ƙari ba ragi, kuma zamansa da mutane ba ya ƙaryata bakinsa. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3 aya 15, ta haɗa abu biyu: a zauna a shirye don ba da amsa ga mai tambaya, a kuma yi ta da tawali'u da girmamawa. Inda aka zubar da jini, mutane sun daina yarda da magana. Maƙwabcinka zai fara duba yadda kake awo a kasuwa, ko kana biyan bashi, ko ka je masa gaisuwar rasuwa, kafin ya saurari aya ɗaya daga bakinka.

Ana cewa wannan aikin Turawa ne. Haka ne?

Turawa ne suka buɗe tashoshin farko, wannan gaskiya ne. Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a 1893, biyun farko suka rasu cikin shekara guda, sai a 1902 mishan ɗinsu na SIM ya samu wurin zama a Patigi. Ayarin CMS, mishan ɗin ikilisiyar Anglikan, da Dakta Walter Miller ke ciki ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su; Miller ya zauna Zariya daga baya, aikin kuma ya koma Wusasa. Karl Kumm da mutanen mishan ɗinsa na SUM sun yada zango a Wase a 1904. A Garkida aka fara a 1923, a gindin tsamiya, daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) ta fito. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932.

Sai dai gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana mishan shiga masarautun Musulmi, kuma yawancin ƙauyukan da suka ji bishara daga bakin 'yan ƙasa suka ji ta: malaman makaranta, ma'aikatan ɗakin shan magani, da manoman da suka yi karatun Baibul a Gindiri da Kagoro. ECWA, ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954, tana aika nata masu bishara ta hannun EMS, sashenta na aikin mishan. Ƙungiyar mishan ta CAPRO a Zariya aka kafa ta a 1975, matasan ƙasar nan ne suka kafa ta. Yau kuɗin aikin daga baikon ranar Lahadi da buhunan hatsin godiya yake fitowa.

Doka ta yarda a yi bishara?

Ta yarda. Sashe na 38 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da sauya addini da yaɗa shi, sashe na 10 kuma ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa ko na jiha. Amma dokar ƙasa ta hana cin mutuncin addinin wani, kuma abin da ke takarda daban yake da abin da ke faruwa a titi. Kisan wata ɗaliba Kirista a Sakkwato a watan Mayun 2022, bisa zargin ɓatanci ga Annabin Musulunci, ya nuna haka. Mai bishara ba shi da wani dalili na taɓa Annabin Musulunci ko Alƙur'ani da mummunar magana. Labarin Yesu ya ishe shi faɗi har ƙarshen ransa.

Ta yaya mai bishara zai shiga garin da ba a san shi ba?

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka bari mu tsaya a kai.

Kafin ya kai iyali, ya je shi da wani dattijo su gai da mai unguwa da dagaci, in hali ya yi har hakimi. Ya faɗi sunansa, ikilisiyar da ta aiko shi, da abin da ya kawo shi. Kada ya ce shi ɗan kasuwa ne kawai alhali fasto ne. Ranar da gaskiya ta fito, za a ɗauke shi ɗan leƙen asiri, kuma duk Kiristan da ya zo bayansa zai gaji wannan zargi. Ya kuma gai da limamin gari da hannu biyu, ya sanar da 'yan sanda na yankin cewa ya zo.

Ya karɓi masaukin da aka ba shi, ya ci abin da aka kawo masa, kamar yadda Luka sura 10 ta umarta. Ya nemi gona ko sana'a: noma, ɗinki, gyaran famfon burtsatse, koyar da yaƙi da jahilci. Mutumin da ba a ga yana aikin komai ba amma kullum da kuɗi a aljihunsa, tambaya ce ke binsa. Shekarar farko ta tafi a koyon harshe da gaisuwa, zuwa suna, jana'iza da gayya. Ko da kowa na jin Hausa, in mutanen Fulani ne ko Kambari ko Zarma, harshen uwa ne ke isa zuciya. Matarsa ta shiga cikin gidaje, domin akwai ƙofofin da namiji baƙo ba zai taɓa ƙetarawa ba, ita kuwa da sallama ɗaya ta shige.

Abubuwan da ke rusa aiki tun yana ɗanye sanannu ne. Lasifika da ake juyawa wajen masallaci lokacin sallah. Kiwon alade a tsakiyar garin da ke ƙyamarsa. Gina majami'a a filin da aka saya da baki, ba takarda ba shaidu. A rubuta yarjejeniya, mai unguwa da shaidu daga ɓangarorin biyu su sa hannu, a kai wa ƙaramar hukuma. Sai kuma laifin ikilisiyar da ta aika: a yi bikin aikewa da kiɗa da waƙa, a biya alawus wata uku, a manta da mutum. Ikilisiyar da ba ta tanadi kuɗin abinci, magani da makarantar 'ya'yansa na aƙalla shekara biyu ba, ba ta shirya aikawa ba tukuna. Kuma kada a tura mutum shi kaɗai. Bibbiyu Ubangiji ya aiki almajiransa.

Asibiti, makaranta da rabon abinci ba sayen mutane ba ne?

Zai zama saye in an ɗora sharaɗi. Asibitin Vom da ya fara a 1922, asibitin ido na ECWA a Kano, da asibitin Galmi a Nijar da aka buɗe a 1950 sun samu amincewar jama'a ne domin ba a tambayar addinin mara lafiya kafin a duba shi. Ana addu'a, ana karanta Littafi, wanda ya so ya saurara, magani kuwa na kowa ne.

A rabon kayan agaji ga 'yan gudun hijira, a bi tsarin Ayyukan Manzanni sura 6, inda gunaguni kan rabon gwauraye ya sa aka zaɓi mutum bakwai amintattu. A kafa kwamiti da mata a ciki. A rubuta sunaye gida-gida tun kafin mota ta iso, a lissafa yawan bakin da ke kowane gida, a fara da gwauraye, marayu, masu ciki da tsofaffi. A auna da mudu ɗaya a gaban kowa. Musulmin da aka kora daga ƙauyensa yunwarsa ɗaya da ta Kirista, a sa sunansa. Kada a ce sai an zauna wa'azi kafin a karɓa, kada kuma a ɗauki hoton tsohuwa tana miƙa hannu don a aika wa masu ba da tallafi. Wanda ya “tuba” don buhun masara zai koma ranar da buhun ya ƙare, danginsa kuma su riƙe cewa Kirista da abinci suke farauta.

Idan wani ya zo ya ce yana so ya bi Yesu, me za a yi?

A saurare shi a natse, a tambaye shi abin da ya fahimta da abin da yake tsammanin samu. Kada a yi gaggawar baftisma. A ba shi mutum ɗaya da zai riƙa karatu da shi na watanni, a kuma gaya masa gaskiya cewa yana iya rasa gado, mata ko aiki. Shi ne zai zaɓi lokacin da zai sanar da danginsa. Sa hotonsa a Facebook ko tsayar da shi gaban taro ya ba da shaida a makon farko ya jefa mutane da yawa cikin haɗari.

Ba dole ya sauya suna, sutura ko harshe ba. Akwai Masihiyawa, Hausawa da Fulani da Barebari masu bin Almasihu, da rigarsu da hularsu, suna gai da iyayensu a durƙushe kamar kullum. A ƙarfafa shi ya ƙara kyautata wa iyayensa. In an kore shi, ikilisiya ta ba shi masauki a gidan iyali, ta koya masa sana'a, kada ya zama mai jiran sadaka.

Yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa, kada a ɓoye shi, kada a yi masa baftisma a bayan idon iyayensa. Kirista na kuka idan aka ɗauke musu 'yan mata ƙanana aka sauya musu addini. Abin da muke kira zalunci in an yi mana, zalunci ne in mun yi.

An kashe mana mutane. Ba a ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi ba?

Zafin da ke cikin wannan tambaya na gaske ne. EYN ta ga an sace 'yan mata 276 a Chibok a watan Afrilun 2014, yawancinsu 'ya'yanta, a watan Oktoba na shekarar kuma aka mamaye hedkwatarta a Kwarhi. An kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika a Janairun 2020 bayan an yi garkuwa da shi. Ba wanda zai ce wa waɗannan iyalai su yi kamar ba a yi komai ba.

Amma a dubi Yelwan Shendam a 2004. A watan Fabrairu aka kashe Kirista a cikin majami'a. A watan Mayu aka kashe Musulmi da yawa a garin. Kwanaki kaɗan bayan haka aka far wa Kirista a Kano, mutanen da ba su taɓa taka Yelwa ba. Ramuwa ba ta samun wanda ya yi laifin. Matafiyi take samu, da mai shayi, da almajiri. Romawa sura 12 ta hana ta kai tsaye, kuma ikilisiyar da matasanta suka tare hanya ta rufe bakin masu bishararta na shekaru masu yawa.

Gafara ba ta hana neman hakki. Bulus ya tsaya kan 'yancinsa na ɗan ƙasa a Filibi da Urushalima. A rubuta sunayen waɗanda aka kashe, rana, wuri da shaidu, a kai ƙara, a bi ta hannun lauyoyi da Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN). Tsaro ma ba ramuwa ba ne. Tun bayan harin bam na Madalla a Kirsimetin 2011 majami'u suka koyi ajiye motoci nesa da gini, sa masu lura a ƙofa, da buɗe mafita fiye da ɗaya. Kada kuma a matsa wa gwauruwa ta ce ta yafe a ranar jana'iza. A bar ta ta yi kuka, a zauna da ita cikin ƙaramin rukuni mako-mako. Zabura cike take da makoki.

Me fasto zai yi da jita-jita?

Ya hana kansa faɗin abin da bai tabbatar ba, a bagade ko a WhatsApp. Kafin a tura hoto ko murya, a tambaya: wa ya gani da idonsa, a wane gari, yaushe? A kira mutum biyu da ke wurin. Hotunan gawarwaki da yawa da ke yawo na wata shekara ne ko wata ƙasa. Ya daina cewa “Fulani sun yi” ko “Musulmi sun yi”; ya ce 'yan bindiga, in an san sunansu a kai wa hukuma. Idan nasa ne suka yi ɓarna, ya faɗa da irin muryar da yake faɗin ta wasu. Zamfara, Katsina da Borno sun binne Musulmi masu ɗimbin yawa a hannun 'yan ta'adda, su ma a sa su cikin addu'ar Lahadi.

Zama da limamai ba sassauta bangaskiya ba ne?

A'a. Fasto James Wuye ya rasa hannu a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. Daga 1995 suka fara aiki tare a Kaduna, suna cikin waɗanda suka kai ga sanarwar zaman lafiya ta Kaduna a 2002, kuma ba wanda ya bar addininsa. A Yunin 2018 Imam Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa a yankin Barikin Ladi. Fasto ya samu lambar limamin unguwarsa tun ana zaman lafiya, su saba gaisawa, su amince cewa duk wanda ya ji ƙishin-ƙishin zai kira ɗan'uwansa ko da tsakar dare ne.

In hari ya matso, mai bishara ya tsaya ko ya gudu?

Matiyu sura 10 aya 23 ta ba da izinin ƙaura zuwa wani gari, Bulus ma a kwando aka zurara shi daga garun Dimashƙu. Kada hedkwata da ke birni ta tilasta wa mutum zama, kada kuma ta kira shi matsoraci. A yanke shawarar tun da wuri tare da dattawan wurin: wace alama ce za ta sa a fitar da mata da yara, ta wace hanya, zuwa gidan wa. Rajistar membobi, takardun fili da na baftisma a ajiye kwafinsu a wani gari. In jama'a sun watse, fasto ya bi su inda suka sauka, ya tattara sunaye, ya nemo wanda ya ɓace, ya ci gaba da sujada ko a gindin bishiya ne. Idan ƙura ta lafa, a fara aika mutum biyu su gai da dagaci da maƙwabtan da suka tsare gidaje da gonaki, su ji ta bakinsu kafin a mayar da iyalai.