Direban tirela da kwanan gida: tambayoyi daga zangon Kumasi

A Aboabo da Asawase da Sawaba, unguwannin zango na birnin Kumasi a ƙasar Gana, akwai gidaje da dama da tukunyarsu ba ta hawa wuta sai taya ta juya. Maigida direban babbar mota ne, yana jigila tsakanin Tema da ƙasashen arewa, iyali kuwa sun fi sanin muryarsa a waya fiye da zamansa a tsakar gida. Ga tambayoyin da matan direbobi da yaran mota da masu motocin kansu suka fi yi a kan wannan rashin zama.

Tafiya ɗaya kwana nawa take ci, har mutum ya yi wata bai kwana gida ba?

Hanyar ba ta kai tsawon da ake zato ba. Daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Wagadugu kusan kilomita 1,000 ne, ta Kumasi da Techiman da Kintampo da Tamale da Bolgatanga, a tsallaka iyaka a Paga. In tuƙi ne zalla, kwana uku sun ishi mota mai lafiya. Jira ne yake cinye kwanakin. Direba zai jira layinsa na lodi, ya jira takardun kwastan, ya jira a sikeli, ya jira a boda. In ya isa, sai mai kaya ya ga dama a sauke. Daga nan kuma ya zauna neman kayan dawowa, don ba mai motar da zai yarda a ƙona mai daga Wagadugu zuwa Tema da mota wayam. Masu wucewa Yamai nasu ya fi tsanani, musamman tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, domin akwai wuraren da ba a shiga sai an tara motoci sojoji sun yi musu rakiya, kuma ba direba ne yake sa ranar tashi ba.

Ai hanyar ta Kumasi ta ratsa. Me zai hana ya tsaya gida?

Wannan ce tambayar da ta fi ci wa mata rai, kuma suna da gaskiya. Mutum ya ratsa garinsu sau biyu a kowace tafiya, a ce bai kwana ɗakinsa ba, ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

A tafiyar arewa, kayan da za su wuce wata ƙasa ba a biya musu harajin Gana ba, saboda haka kwastan sukan rufe su da hatimi, su liƙa wa motar na'urar bin sawu, su ƙayyade mata hanya da lokacin da za ta fita daga ƙasa. Motar da ta kauce ko ta daɗe a tsaye sai an yi bayani. Ko ba wannan ma, ina za a ajiye tirela a lungunan zango? Sai dai a bar ta a gidan mai wajen Ejisu ko a bakin hanyar Offinso, yaron mota ya kwana a ciki saboda masu zuƙe mai da masu cire batir. Direba ya hau tasi ya shigo gida, ya yi wanka, ya ci tuwo, ya ɗauki wankakkun kaya, waya na ta ƙara. Awa uku ko huɗu ke nan, mai mota kuma ya lissafa cewa ai ya je gida.

A dawowa abin ya fi muni in kayan masu lalacewa ne. Tumatirin Burkina ba ya jiran kowa, 'yan kasuwar da suka yi shatar mota suna lissafin kowace awa. Shanu ba a barin su tsaye cikin mota. Albasar Nijar kuwa so ake ta isa Adjen Kotoku da ke wajen birnin Accra, inda aka mayar da kasuwarta daga unguwar Agbogbloshie a 2021, kafin wasu motocin su cika kasuwa farashi ya karye.

Shin doka ta ba direba hutu?

Ta ba shi. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003, mai lamba 651, ta ce ma'aikaci yana da aƙalla kwana 15 na aiki a matsayin hutun shekara da cikakken albashi, kuma duk yarjejeniyar da aka yi a kan ya yafe wannan hutu ba ta da inganci. Ta ba shi awa 48 a jere na hutu a kowane kwana 7. Ta kuma ce aikin da ya kai wata 6 sai an rubuta shi. Ƙa'idojin hanya na 2012 sun hana direban motar haya tuƙi fiye da awa 4 a jere ba tare da ya huta minti 30 ba, ko fiye da awa 8 a cikin awa 24.

Amma akwai ƙofofi biyu da ake zillewa ta cikinsu. Hutun mako bai shafi mai aikin jinga ba, kuma direban da ake biya a kan kowace tafiya, ba takarda, da sauƙi a ce masa ɗan jinga ne. Hutun shekara kuma bai shafi harkar da 'yan gida ɗaya kaɗai suke yi ba. A zango kuwa sau da yawa motar ta kawu ce ko ta yaya.

To laifin masu mota ne ke nan?

Rabin laifin nasu ne. Mai mota yana ɗaukar kwanakin da direba ya yi zaune a Tema yana jiran lodi a matsayin hutu, tunda mota ba ta motsa ba. A ganina nan ne tushen rigimar. Mutumin da ya kwana kan tabarma a ƙarƙashin mota, sauro na cizo, yana gadin dukiyar wani, aiki yake yi. Sai dai shi ma mai motar yawanci bashi ke kansa, ga taya, ga inshora, kuma duk ranar da mota ta tsaya asara yake gani.

Sauran rabin, ko direbobi sun ƙi jin haka, yana wajensu. Albashin wata ƙanƙane ne, abin da ke riƙe gida shi ne kuɗin tafiya da ɗan abin da aka rage a kuɗin hanya. Wanda ya zauna mako guda ya san abin da ya rasa. Ga kuma tsoron miƙa makulli: direban canji zai iya ƙona kulochi a bar ka da gyara, ko ya yi wa mai mota daɗin baki ya gaje kujerar. Shi ya sa za ka ga an ce wa direba ya huta, shi da bakinsa ya ce bari ya ƙara zuwa ɗaya.

Ya batun Sallah da suna da rasuwa?

Rasuwa ba yadda za a yi da ita. Mu ba ma ajiye gawa, wanda labari ya same shi a Paga sai dai ya zo gaisuwa. Suna kuwa an san shi tun kwana bakwai, ciki ma an san shi tun watanni, don haka rashin direba a sunan ɗansa rashin shiri ne. Babbar Sallah ita ce mai wuya, domin a makonnin da ke gabanta ne ake jigilar raguna da shanu zuwa kudu, kuɗin lodi ya yi sama. Direbobi da yawa sun fi son su yi aikin, su karɓi kwanakinsu bayan Sallah, kuma wannan ciniki ne mai kyau in an ƙulla shi tun da wuri.

Malam, maigidana ya ce in ya nemi hutu za a karɓe motar. Mene ne abin yi?

Hajiya, kada ya nemi hutu da sunan ranar kaza ga wata, don hanya ba ta cika alkawarin kwanan wata. Ya nema da lissafin tafiya: bayan kowace tafiya biyu, kwana kaza a gida, waɗanda za a fara ƙirgawa daga lokacin da ya ajiye mota a Kumasi. A rubuta, ko da a takarda ɗaya ce, shugaban ƙungiyarsu ta direbobi ko limamin unguwa ya zama shaida. In mai motar dangi ne, babba a gida ya yi maganar, ya fi a ce ƙane ya tsaya gaban yayansa yana ciniki.

Ya kuma zaɓi direban canjinsa da kansa. Mafi dacewa shi ne yaron da ya koya wa tuƙi, a taimaka masa ya sami lasin mai daraja F na manyan motoci, tunda ya san halin motar kuma da wuya ya ci amanar ubangidansa. Kada ya yarda a haɗa masa hutu da ranakun gyara a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, don direban da motarsa ke hannun makaniki a can yake wuni. In kamfani ne mai rajista ya hana shi hutun shekara ko ya kore shi a kan ya nema, ya ajiye takardun biyan albashi da saƙonnin waya, ya kai ƙara ofishin ƙwadago na Kumasi ko Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa.