Manhajar Adana Kalmomin Sirri ta Kyauta: Zaɓi Ga Sabon Shiga

Manhajar adana kalmomin sirri manhaja ce da ke ƙirƙira wa mutum kalmomin sirri masu ƙarfi, ta ajiye su a taska guda a kulle, sannan ta cike su da kanta duk lokacin da zai shiga asusunsa na imel, na banki ko na dandalin sada zumunta. Abin da ya sa ake buƙatarta shi ne ɗabi'ar amfani da kalma ɗaya a wurare da yawa, domin idan masu kutse suka sace bayanan wani shafi, sukan ɗauki adireshin imel da kalmar da suka samu su yi ta gwadawa a sauran shafuka har su dace.

Taskar tana buɗuwa ne da babbar kalmar sirri guda ɗaya. Daga ita ake samar da mabuɗin da ke ɓoye bayanan, galibi da wani tsarin ɓoye bayanai mai suna AES-256, kuma a kan waya ko kwamfutar mai asusun ake yin ɓoyewar tun kafin komai ya tafi intanet. Saboda haka kamfanin da ya yi manhajar ba ya iya karanta abin da ke ciki, haka kuma ba ya iya dawo da babbar kalmar idan mai ita ya manta, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata sabon shiga ya fahimta.

Manhajojin kyauta sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda ke ajiye taskar a matsayin fayil a kan na'urar mutum kaɗai, kamar KeePass, wadda Bajamushe Dominik Reichl ya fitar a 2003, da KeePassXC da ta samo asali daga wannan zuriya. Tsaronsu nagari ne, amma nauyin ajiye kwafi da daidaita fayil tsakanin waya da kwamfuta duk yana wuyan mai amfani, kuma idan na'urar ta ɓace babu kwafi, komai ya tafi. Sai waɗanda ke daidaita taskar ta intanet, kamar Bitwarden da ta fito a 2016 da Proton Pass da kamfanin Proton na ƙasar Suwizalan ya fitar a 2023. Tsarin kyauta na waɗannan biyun bai ƙayyade yawan kalmomi ko yawan na'urori ba, lambobin da aka gina su da su a buɗe suke ga mai son dubawa, kuma kamfanin Cure53 na Jamus ya taɓa binciken tsaron kowacce. Ga wanda bai taɓa amfani da irin wannan manhaja ba, rukuni na biyu ya fi dacewa, domin sakaci wajen ajiye kwafi ya fi kusa da shi fiye da kutse.

Waɗanda Google da Apple ke haɗowa da na'urorinsu sun fi ɗabi'ar maimaita kalma ɗaya aminci nesa ba kusa ba, sai dai suna ɗaure mutum da asusun kamfani ɗaya, kuma ta Apple ba ta aiki a wayoyin Android.

Tarihin wata manhajar adana kalmomin sirri mai suna LastPass ya nuna abubuwa biyu da ya kamata a kiyaye. A watan Maris na 2021 kamfanin ya taƙaita tsarinsa na kyauta ga nau'in na'ura ɗaya, ko dai waya ko kwamfuta, wanda ke nuna cewa sharuɗɗan kyauta kan canja, don haka wajibi ne a tabbatar manhajar tana barin mutum ya fitar da bayanansa ya koma wata. (Fayil ɗin da ake fitarwa sau da yawa a buɗe yake, sai a goge shi da zarar an gama ƙaura.) Sannan a 2022 masu kutse suka kwafi taskokin masu amfani da shi. Kalmomin sirrin da ke ciki a ɓoye suke, amma adireshin shafukan ba a ɓoye suke ba, kuma abin da ya rage tsakanin ɓarayin da asusun kowane mutum shi ne ƙarfin babbar kalmarsa.

Wannan ya sa zaɓen babbar kalma ya fi zaɓen manhajar kanta nauyi. Tun a 2017 hukumar NIST mai tsara ƙa'idojin fasaha ta Amurka ta fifita tsawo a kan cakuɗa alamomi, ta kuma daina ba da shawarar canja kalma lokaci-lokaci ba tare da dalili ba. Hanyar Diceware, wadda Arnold Reinhold ya ƙirƙira a 1995, tana zaɓo kalmomi ta ƙuri'a daga jeri mai kalmomi 7,776, kuma kalmomi shida da aka zaɓa haka suna da wuyar cankowa alhali ana iya haddace su. Yana da kyau a rubuta babbar kalmar a takarda a adana a wuri amintacce, a kunna tabbatarwa ta mataki biyu (wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri, kamar lamba daga waya) a kan asusun manhajar, a kuma ajiye lambar ceto, wadda ake shiga da ita idan mataki na biyun ya gagara, a wani wuri daban da taskar. Wajen sauya tsofaffin kalmomi kuwa, da asusun imel ake farawa, tunda ta nan ake sake saita kalmar sirrin kusan kowane asusu.