Waiwaye: Yadda aka daɗe ana ƙirga gansakukar teku aka bar wadda ke cikin laka

A kowane cokali na ruwan gaɓar teku akwai ƙananan gansakuka da ido ba ya gani, ƙwayoyi guda-guda, wasu na shawagi, wasu na manne da yashi da laka. Su da 'yan uwansu na tsakiyar teku ke yin kusan rabin aikin sarrafa hasken rana ya zama abinci da ake yi a duniya, kuma daga gare su abincin kifi ke farawa.

Sanin su ya zo ne gwargwadon kayan aikin kowane zamani. A 1674 Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya leƙa ruwan tafki da madubinsa mai ƙara girman abu, ya gan su. Ƙirga su kuwa sai da aka jira Victor Hensen na birnin Kiel a Jamus, wanda a 1889 ya ja ragar alharini a tekun Atlantika yana lissafin abin da ta kamo. Matsalar tana idon ragar. Hans Lohmann ne ya gano haka a farkon ƙarni na 20, ta hanya mai ban sha'awa: ya duba matatar da wasu ƙananan halittun teku ke yi wa kansu don tace abinci, sai ya tarar da ƙwayoyi birjik waɗanda ke zurarewa ta ragar Hensen. A 1931 Hans Utermöhl ya kawo dabarar da ake bi har yau, wato a zuba ruwan a bututu, a bari ƙwayoyin su kwanta, sannan a ƙirga su da madubi mai ƙara girman abu ta ƙasan bututun. Duk da haka sai a 1988 Sallie Chisholm da abokan aikinta suka bayyana Prochlorococcus, wata ƙwayar teku wadda ba ta kai maikuromita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali ita ake ganin ta fi kowace halitta mai sarrafa hasken rana yawa a duniya.

Duk wannan labarin ruwa ne. Laka kuwa, a ganina, an yi mata rashin adalci. Christian Ehrenberg ya yi nazarin ɓawon dayatom, wani nau'in waɗannan gansakukan mai ɓawo kamar gilashi, a cikin ƙasa tun shekarun 1830, amma an daɗe ana kallon lakar gaɓa a matsayin maƙabarta kawai. Wanda ya tsaya a bakin kogi inda yake shiga teku zai ga akasin haka. Da ruwa ya janye rana ta haska, sai fuskar lakar ta rine ta yi ruwan zuma, domin dayatom sun tako daga ƙasa sun fito shan haske. Kafin ruwa ya dawo sun koma ciki. Yauƙin da suke fitarwa wajen wannan tafiya shi ke ɗaure ƙwayoyin laka, ya rage zaizaya.

Akwai kuma masu kwanciya a ciki. Wasu nau'o'in gansakukan, ciki har da Alexandrium mai dafi, suna rufe kansu cikin ƙwanso su nutse, su jira lokaci, kamar iri a rumbu. A wani lungun teku a Siwidin an farfaɗo da irin waɗannan ƙwansuna bayan sun shafe kusan shekara 100 a laka. Wannan ne ya sa jan ruwa mai dafi, wato yawaitar gansakuka masu dafi har ruwa ya rine, kan sake ɓulla a wurin da ya taɓa aukuwa, kamar yadda gaɓar arewa maso gabashin Amurka ke fama tun bayan na 1972. Takin zamani da ƙazantar birane da koguna ke kwasowa suna ƙara wa wasu nau'o'in ƙarfi su danne saura.

Jiragen ruwa ma suna jigilar ƙwansunan a lakar da ke taruwa cikin tankunan ruwan da ke daidaita musu nauyi. Yarjejeniyar da ƙasashe suka cimma a 2004 ta tilasta kula da wannan ruwa da lakarsa, amma ba ta fara aiki ba sai 2017.