Waiwaye: Tun yaushe yaro ya rage tambaya?

A gidajen rediyo da shafukan Facebook da tarukan iyaye da malamai, maganar da ta ƙi ƙarewa ita ce yaran yanzu ba su da sha'awar karatu. Wasu na ɗora laifin a kan wayar hannu, wasu na cewa tun da aka rage bulala komai ya sukurkuce. Wasu kuma shawararsu ita ce a riƙa kwaɗaita musu, duk wanda ya zo na ɗaya a saya masa keke. Masu bulala da masu keke sun haɗu a kan zato guda, cewa son sani daga waje ake cusa wa yaro shi. Wannan zato ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba, kuma an gwada shi a ɗakin bincike sama da shekara 70 da suka wuce.

Farkon labarin sananne ne. Aristotle na Girka ya faɗa, fiye da shekara 2,300 baya, cewa son sani yana cikin ɗabi'ar kowane mutum. Bahaushe ma ya ce matambayi ba ya ɓata. Masana halitta sun ƙara da cewa ana haihuwar jariri da ƙwaƙwalwar da ba ta wuce kusan kwata ta girman ta babba ba, sauran ginin yana faruwa ne a doguwar ƙuruciyar da yaro ke taɓa komai, ya kai baki, ya wargaza. To amma a rabin farko na ƙarni na 20, ra'ayin da ya rinjayi masu nazarin ɗabi'a shi ne dabba da mutum suna koyo ne don yunwa ko ƙishirwa ko gudun azaba. Ivan Pavlov na Rasha ya lura karnukansa na juyawa su saurari duk wani sabon motsi, har ya ba halayyar suna "mene ne wannan?", sai dai hankalin masana bai tsaya a kanta ba.

Abin da ya faru a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1949 shi ne mutane da yawa ba su sani ba. Harry Harlow da abokan aikinsa sun ɗauki birai takwas, suka tanadi wani ɗan abin ƙarfe mai matakai uku: a zare ƙusa, a cire ƙugiya, sannan a ɗaga mariƙi irin na jikin akwatin da ake saƙala wa kwaɗo. In aka saɓa tsarin ba ya buɗuwa. An ajiye shi a cikin keji, babu abinci a ciki, babu wanda ya nuna musu yadda ake yi, babu wanda ya yaba musu. Biran suka duƙufa. Cikin kusan mako biyu waɗanda aka bar wa abin a haɗe sun ƙware, suna kwance shi cikin sauri, in an mayar an haɗa su sake kwancewa.

Bisa ilimin wancan zamani bai kamata hakan ta faru ba, don ba abin da birin ya samu. Daga nan masu binciken suka saka busasshen inabi a matsayin lada, wanda a ƙa'ida ya kamata ya ƙara musu ƙwazo. Sai kurakurai suka ƙaru. Hankalin biri ya koma kan inabin, yana kai hannu ga matakin ƙarshe yana tsallake na farko. Harlow ya wallafa sakamakon a 1950, yana mai cewa akwai wani ƙaimi na daban da ke fitowa daga cikin aikin kansa. A 1953 Robert Butler, shi ma a Wisconsin, ya rufe biri a cikin akwati, ya gano zai koyi tura ƙofa mai launin da ya dace don kawai ya leƙa waje na daƙiƙa 30, kuma zai yi ta maimaitawa sa'o'i ba gajiya.

A ganina nan ne ya kamata tarihin tarbiyya ya sauya hanya, amma maganar ta kwanta kusan shekara 20. Harlow kansa ya koma wani bincike, na shaƙuwar jaririn biri da uwarsa, kuma da shi duniya ta san shi. A daidai wannan tsakani ƙasashe da dama, har da namu bayan samun 'yancin kai a 1960, suna faɗaɗa makarantu da gaggawa. Aji mai cunkoso yana buƙatar abin da za a iya aunawa, abin da ya fi saukin aunawa kuwa shi ne maki da matsayi da takardar shaida. Babu mutum ɗaya da ya zauna ya shirya hakan. Bukata ce ta kawo shi, ya zauna daram.

Da aka dawo kan batun, da mutane aka gwada. A 1971 Edward Deci ya ruwaito cewa ɗaliban jami'a da aka biya dala ɗaya kan kowane wasan haɗa gutsattsari da suka warware, sun rage taɓa shi da aka daina biya. A 1973 Mark Lepper da abokansa suka je makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford, suka zaɓi yaran da dama can suna son zane. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo, wasu aka ba su ita ba zato, wasu ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu, waɗanda aka yi wa alkawari sun ɓata kusan rabin lokacin da sauran suka ɓata a kan zane. Kyautar ba-zata ba ta rage komai ba, wato ɓarnar tana cikin sharaɗin "yi kaza in ba ka kaza".

Wannan bai wanke waya ba, tana cin lokacin yara ƙwarai. Amma a 1984, tun kafin ta yaɗu a hannun jama'a, Barbara Tizard da Martin Hughes sun wallafa nazarin da suka yi a Landan kan 'yan mata 30 masu shekara huɗu, inda suka naɗi maganarsu a gida da makaranta. A gida, yarinya na yi wa mahaifiyarta tambaya kusan 26 a sa'a ɗaya. A makaranta, yarinyar nan dai, tambaya biyu take yi wa malama a sa'a, kuma da yawa daga ciki na neman kayan aiki ne ko izini. Tambayar "don me?" ta fi fitowa a gida, a makaranta kuwa malama ce ke tambaya, yarinya na amsawa.