Hoto ya fito tas, magana ba ta fita: tambayoyi da amsoshi kan ɗaukar sautin fim a zangunan Accra

Na daɗe ina riƙe sandar makirufo a bayan kyamara, daga lungunan Nima da Mamobi har Madina. Matasan da ke haɗa gajerun finafinai da shirye-shiryen YouTube sukan tare ni bayan sallar Isha'i da wayoyinsu a hannu, su ce in saurari aikinsu in faɗa musu inda aka kuskure. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattaro su wuri guda.

Yaya, kyamararmu mai tsada ce, hoto kuma ya yi kyau. Me ya sa mutane ke cewa ba sa jin abin da 'yan wasa ke faɗa?

Saboda makirufon da kuka dogara da shi yana jikin kyamara, ita kuwa kyamara tana can nesa da bakin mai magana. A fili, duk lokacin da ka ninka nisan da ke tsakanin baki da makirufo, ƙarfin murya na raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Daga rabin mita zuwa mita 4 ka ninka sau uku ke nan, ka yi asarar desibel 18, alhali ƙarar babur ɗin da ke wucewa a titi tana nan yadda take. In mai tacewa ya ɗaga muryar a kwamfuta, tare da babur ɗin zai ɗaga ta.

Ga Hausa abin ya fi ciwo. Harshe ne da ma'anar kalma ke rataye a kan karin sauti da tsawon wasali. Gari da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo, a rubuce iri ɗaya ne, kunne ne ke raba su. Ka kuma tuna yadda iyayenmu mata ke kallon fim: waya na jingine a jikin kwano, ido na kan tukunya, kunne ne ke bin labarin. Muryar da ta dushe ta raba ka da wannan mai kallon tun minti na farko.

To wane makirufo za mu saya?

Iri biyu ake aiki da su. Akwai dogon nan da ake ɗaurawa a kan sanda, wanda 'yan fim ke kira bum. Ana riƙe shi ta saman kan ɗan wasa, dab da inda hoto ya ƙare, bakinsa na kallon ƙasa wajen haɓar mai magana. Da shi nake farawa a kullum, domin muryar da yake ɗauka ta fi kama da yadda kunne ke ji. Yana aiki da waya mai fil uku da ake kira XLR, yawancinsu kuma suna shan wuta volt 48 daga rakoda. Ƙaramar rakoda irin ta Zoom ko Tascam ta wadatar da mai farawa.

Na biyu shi ne ɗan ƙaramin da ake maƙalawa a riga. Yana ceto a wurin hayaniya ko in hoto ya yi faɗi har sanda ba ta da wurin ɓuya. Amma suturarmu ba ta shiri da shi. Shadda da ta sha bugu da sitaci, duk motsin da Alhaji ya yi sai ka ji kamar ana yayyaga takarda. Hijabi mai santsi yana goga shi, awarwaro da sarƙa suna kaɗawa a kusa da shi. Nakan naɗe shi da ɗan auduga da filasta, in manna a rigar ciki, sannan in sa mutum ya yi tafiya, ya zauna, ya gyara babbar riga, ina saurare. Ga 'yan wasa mata kuwa, sai ka koya wa wata mace a cikin ma'aikata yadda ake maƙalawa, kai ka tsaya daga waje da hedifon kana faɗa mata ta matsa sama ko ƙasa.

Kada ka fita waje ba tare da rigar gashin nan da ake sa wa makirufo ba. Iskar teku da yamma da iskar hunturu duk suna buga shi, soso kaɗai ba ya tare su.

Amma zango ba ya shiru. Yaya za a yi?

Ba ya shiru, ba kuma zai yi shiru don kai ba. Abin da ke hannunka shi ne zaɓen wuri da zaɓen lokaci. Kafin ranar ɗauka, je lokeshan a daidai sa'ar da za ku yi aiki, ka zauna, ka rufe ido na minti biyar. Darakta idonsa ne ke zaɓar gida: ya ga kyakkyawan zaure, ya ga haske. Kai ne za ka ji cewa akwai injin niƙa a bayan katanga, ko makarantar allo a maƙwabta, ko yaran trotro na kiran fasinja a bakin titi, ko maƙwabciya da ke dakan sakwara kullum da la'asar.

Tsara aikinka da lokutan salla. Masallatai a Nima kusa da kusa suke, ba kuma a daƙiƙa ɗaya ladanai ke farawa ba, wannan na sauka wancan na ɗauka. Idan an fara kira, a tsaya, a je a yi salla, a dawo. Ranar Juma'a daga hantsi zuwa bayan saukowa, kar ka sa fitowa mai doguwar magana. Filin jirgin sama ma ba shi da nisa da mu. In ka ji jirgi na tasowa, ɗaga hannu a dakata. Ƙararsa tana hawa tana sauka, don haka in aka yanka hoto a tsakiyarta, kunne zai ji yankan.

Akwai wata guda a kowace shekara, wajen Mayu zuwa Yuni, da sarakunan gargajiyar ƙabilar Ga ke hana kiɗa da hayaniya kafin bikin Homowo. Lasifikokin waje suna lafawa, garin yana samun natsuwar da ba a saba ji ba. Sai dai lokacin ne kuma ruwan sama ya fi ƙarfi a Accra, ruwa a kan rufin kwano kuwa babu makirufon da ke iya masa. Na sha zama da ma'aikata goma a ɗaki muna jiran ruwa ya ɗauke, domin ko yayyafi ne, a hedifon kamar ana watsa tsakuwa yake. Ɗaki mai silin ko mai rufin kankare ya fi a irin wannan lokaci.

A cikin ɗaki, kashe fanka da firji. Zafi zai dami kowa, a kunna tsakanin fitowa da fitowa. Ni nakan ajiye makullin babur ɗina a cikin firjin da na kashe, don kada in tafi in bar wa matar gida nama ya lalace. In an ɗauke wuta aka tayar da janareta, a kai shi bayan wani gini da doguwar waya, a tabbatar ba ya fuskantar taga. Rakoda kuwa a bar ta a kan batir. Wutar Ghana tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wannan ne ƙugin nan mai kauri da kake ji in wayar sauti ta kwanta jikin wayar wuta. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su yi tafiya a jere.

Ɗakin da babu komai sai tayil da bango yana amsa-kuwwa. Shimfiɗa darduma ko katifa a inda kyamara ba ta gani, rataya barguna, za ka ji muryar ta dawo kusa.

Ba za a iya gyara duk wannan a kwamfuta ba?

Wannan maganar ta "za mu gyara a editin" ita ce ta fi kashe finafinanmu. Manhajoji irin su iZotope RX suna rage ƙugin da ba ya canzawa, kamar na fanka. Amma in aka matsa musu, sai su cinye gefen kalmomi, murya ta koma kamar daga cikin randa take fitowa. Muryar da ta fashe saboda an cika ƙarfi ba ta komawa yadda take. A rakoda, sifili shi ne rufi. Ka bar magana tana kaiwa wajen desibel 12 ƙasa da shi, ka kuma tambayi ɗan wasa tun farko ko akwai ihu a fitowar.

Wani aiki ya taɓa zuwa hannuna don tacewa. Wata dattijuwa ce ke yi wa ɗanta nasiha kafin ya tafi ci-rani, ta yi wasan da hawaye na gaske, muryarta na rawa. Wanda ya ɗauki sautin bai sa hedifon ba, allurar rakoda kawai yake kallo tana motsi. Ashe wayar makirufon ta kwance a ciki, duk jimla sai ta yi ƙaras-ƙaras. Kafin a gane, Hajiya ta koma arewa wurin jikokinta. Kwana uku na yi ina ɗinke kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ƙarshe darakta ya rufe rabin fitowar da kiɗa. Har yau ina jin takaicin wannan nasihar da mutane ba su ji ba. Allura ƙarfi kawai take nuna maka, ba ta faɗa maka abin da ke shiga. Sa hedifon mai rufe kunne duka, kada ka cire.

Mene ne amfanin allon da ake bugawa kafin a fara?

Tunda hoto na shiga kyamara, sauti na shiga rakoda, sai an haɗa su daga baya. Bugun allon yana ba mai tacewa wuri ɗaya da zai ga haɗuwar katako a hoto, ya kuma ji "ƙas" a sauti. Ba ka da allo, tafi ɗaya a gaban kyamara ya isa. Saita rakoda a kilohaz 48, bit 24, shi ne ma'aunin fim da talabijin. Kyamarori duka su tafi a hoto 25 a daƙiƙa in talabijin ɗin Ghana ake nufi. In an gauraya ma'auni, sai ka ga baki da murya sun fara tare, can gaba sun rabu.

Me ya sa kake sa kowa ya yi tsit na minti ɗaya bayan an gama?

Kowane ɗaki yana da nasa numfashin, ko babu mai magana. Shi nake ɗauka, da fitilu da mutane a inda suke. In mai tacewa ya cire tari ko ya haɗa jimla biyu daga ɗauka daban-daban, da wannan yake cike gurbin. In babu, sai sautin ya faɗa rami ya fito, mai kallo ya ɗauka wayarsa ce ta lalace.

In magana ta lalace, ba sai a sake ɗora murya a situdiyo ba?

Ana yi, mu ma mun saba da jin wasannin Indiya da aka juya zuwa Twi a talabijin da waɗanda aka fassara zuwa Hausa. Amma aiki ne mai wuya ga wanda bai goge ba, ya dawo bayan wata biyu ya maimaita fushin da ya yi, ya kuma dace da motsin leɓensa. Abin da ya fi sauƙi shi ne, da an gama fitowar, ka ja ɗan wasan zuwa ɗaki mai shiru ko cikin mota a rufe gilashi, ya maimaita layukansa sau biyu tun abin na jikinsa.

Takun ƙafa da ƙarar ƙofa da muke ji a manyan finafinai, a wurin ake ɗaukarsu?

Yawanci daga baya ake yinsu. Sana'a ce da ake kira foli, daga sunan Jack Foley wanda ya yi aiki a kamfanin Universal na Amurka tun lokacin da finafinai suka fara magana, wajen ƙarshen shekarun 1920. Mutum ne zai tsaya yana kallon hoto, yana taka ƙasa ko yana motsa tufafi daidai da ɗan wasa.

A nan ne nake roƙon matasanmu su daina kwaso sauti daga intanet. Ƙofar katako ta gidan Turai ba ta yi kama da ƙyauren ƙarfen gidan haya a Mamobi ba, kuma kowa ya sani ko da bai iya faɗa ba. Fita da rakodarka da asuba. Ɗauki ƙosai yana faɗawa cikin mai, ludayi yana kankarar ƙasan tukunyar waakye, mai shayi yana ɗaga kofi yana tsiyayawa, silifa a kan siminti, buta tana cika a famfo, carbi a hannun tsoho. Rubuta wa kowanne suna da wuri da rana. Cikin shekara guda za ka tara abin da babu mai shi a duniya sai kai, ɗan Nima da ke zaune a Jamus kuma zai ji gida kafin ya ga hoto.

Kiɗa fa? Mu mukan sa shi daga farko har ƙarshe.

Na lura, kuma sau da yawa don a ɓoye sautin da ya lalace ne. Magana ce gaba, sauran suna bin bayanta. In mutum ya buɗe baki, kiɗa ya sunkuya. Wani wurin ma shiru ya fi: an zo da labarin rasuwa, ba a jin komai sai zakara daga nesa.

Waƙar wani kuma dukiyarsa ce. Ghana na da dokar haƙƙin mallaka ta 2005, akwai GHAMRO da ke karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu, YouTube ma tana gane waƙar da ba taka ba, ta toshe bidiyon ko ta ba mai waƙar kuɗin talla. Nemi mai kalangu ko mai goge a unguwa, ku yi ciniki a rubuce, ka ɗauke shi da kanka.

Idan tashar talabijin za ka kai wa aiki, tambaye su ma'aunin ƙarfin sautin da suke karɓa. A ma'aunin da ake kira LUFS, ƙa'idar Turai ita ce 23 ƙasa da sifili, YouTube kuwa tana daidaitawa wajen 14 ƙasa da sifili. In ka gama haɗawa, saurara a lasifikar waya mai araha, a tsakar gida, yara na wasa. A haka yawancin mutanenka za su kalla.

A ina zan koya, ni da ba ni da kuɗin makaranta?

Mai hali yana iya neman NAFTI, makarantar fim da talabijin da aka kafa a Accra a 1978, wadda yanzu take ƙarƙashin jami'ar UniMAC, suna koyar da sauti a matsayin fanni. Wanda ba shi da hali, Audacity kyauta ce, DaVinci Resolve ma tana da ta kyauta da sashen haɗa sauti a ciki. Ka nemi mai ɗaukar sauti ka riƙe masa sanda, ko ba biya a farko. Kafaɗa za ta yi tsami a makon farko, sai ka koyi miƙe hannu sama sosai maimakon lanƙwasa gwiwar hannu, ka kuma haddace layukan 'yan wasa don ka san wanda zai yi magana kafin ya buɗe baki.

Yau da dare ma kana iya farawa. Ɗauki wayarka, sa ƙaninka ya karanta jimla ɗaya daga nisan taku biyar, ya sake daga taku ɗaya, ya sake a ɗakin da ke da katifa da labule. Sa hedifon ka saurari ukun a jere, ka zo mini da su gobe bayan Isha'i.