Me ya sa madara ke murɗa wa wasu ciki, wasu kuwa ko a jikinsu?

Tambaya: Mutum biyu sun sha madara iri ɗaya a teburin mai shayi a Tudun Wada, ɗaya ya wuce harkarsa, ɗaya cikinsa ya kama ƙugi. Me ya bambanta su?

Amsa: Wani sinadari ne mai suna laktes, wanda bangon ƙaramin hanji ke samarwa. Aikinsa raba sukarin madara, wato laktos, gida biyu, gulukos da galaktos, don jini ya iya ɗauka. Idan laktes ya yi ƙaranci, sukarin sai ya zarce babban hanji a dunƙule, bakteriya su far masa suna fitar da iska. Nan ake samun kumburin ciki da tusa, wani lokaci har da gudawa.

Tambaya: Yaya siffar laktes take?

Amsa: Furotin ne dogo. Jiki kan fara ƙera shi da amino asid, wato tubalan ginin furotin, guda 1,927, a sassa huɗu masu kama da juna. Biyun farko ba sa narkar da komai. Suna taimaka wa sauran su naɗe daidai ne kawai, daga nan a datse su. Ragowar ne ke kafewa a bangon hanji yana tarbar abinci. Sashe na huɗu shi ke fasa laktos, na uku kuma ya ji da wasu sinadaran tsirrai.

Tambaya: Gado ake yi ke nan?

Amsa: Ƙwarai. Ƙwayar gadon da ke ba da umarnin ƙera shi, LCT, tana kan kuromosom na 2, ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, kuma kusan kowane jariri da ita yake narkar da nonon uwa. Bayan yaye ne take ja da baya a jikin kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya. Makunninta ba a jikinta yake ba, yana cikin maƙwabciyarta MCM6. A 2002 masu bincike a Finland suka gano canjin harafi ɗaya tak na rubutun gado a wurin, wanda ke barin makunnin a kunne har tsufa. A 2007 aka bayyana wasu canje-canjen na daban a jikin makiyayan Kenya da Tanzaniya da Sudan. Fulani da yawa kuwa, irin canjin da ke jikin Turawa ne aka samu a jikinsu. Saboda haka makiyayin Ladduga da ke shanye ƙwaryar madara bai ji komai ba, ba sabo kaɗai ke taimakonsa ba. Dubban shekarun kiwo ne suka bar alama a zuriya.

Tambaya: To ƙarancin laktes cuta ne?

Amsa: A'a. Haka yawancin 'yan Adam suke. Sai dai gudawa mai tsanani kan goge bangon hanjin yaro, laktes ya ragu na ɗan lokaci kafin ya dawo. Wannan kam a kai yaron asibiti, kada uwa ta yanke masa nono da kanta.

Tambaya: Sai a haƙura da fura da nono?

Amsa: Ina dalili? Yawancin masu ƙarancin laktes na jure kofi ɗaya na madara, musamman tare da abinci. Kindirmo ya fi sauƙi, domin bakteriyar da ta tsamar da shi ta riga ta cinye wani kaso na sukarin. Madarar gari ce da ake zambaɗawa a shayi da ciki wayam ta fi tayar da ƙugi.